Rana Ba Ta Ƙarya: Jinkirin Zuwa Duniyar Mas da Alƙawarinmu na 2030

Ranar 20 ga Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, ɗaya daga cikin muryoyin da suka yi masa magana daga ƙasa ta fito ne daga Kano. Hukumar NASA ta kafa tasha a can, cikin jerin tashoshin da ta baza a faɗin duniya don kada kumbon ya ɓace mata yana tafe. Da Glenn ya iso saman Afirka ta Yamma, sai ya shaida wa ma'aikatan tashar cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, su kuma suka ce masa ai mako guda ke nan iska tana kaɗawa da ƙarfi. Duk wanda ya san watan Fabrairu a ƙasar Hausa ya san irin ƙurar da ake nufi. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba Kennedy ya yi magana da Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2, kuma shi ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka gaisa ta wannan hanya. Ke nan maganar sararin samaniya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da mu aka fara, saboda haka muna da bakin tambayar inda aka kwana.

A wancan zamani mutane da yawa, har da masana, sun ɗauka kafin ƙarni ya ƙare ɗan Adam zai taka duniyar Mas. Yau shekara sittin da ɗoriya, babu wanda ya wuce kewayen wata, watan ma tun Disambar 1972 ba a sake saukar da kowa a kansa ba. Wannan jinkiri ya shafe mu, domin mu ma an sa mana rana: a 2016 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce Najeriya za ta tura nata ɗan sama jannatin nan da 2030. Ra'ayina shi ne gwamnati ta fito fili ta janye wannan rana, ta mayar da ɗan abin da ke hannu kan taurarin ɗan Adam masu duba ƙasa, da kuma horar da waɗanda za su karanta hotunansu su isar da saƙon ga mai buƙata. Ina faɗin haka ne saboda ranar da aka sa babu kasafi a bayanta tana cin kuɗi, tana cin amanar jama'a, kuma ƙasashen da suka fi mu arziki nesa ba kusa ba sun riga sun ɗanɗana.

A bi ranakun ɗaya bayan ɗaya a gani. A 1969 Wernher von Braun, wanda ya jagoranci ƙera rokar da ta kai mutane wata, ya gabatar da tsarin saukar da mutane a Mas a 1982. Gwamnatin Nixon ba ta karɓa ba, hasali ma a 1970 aka soke tafiye-tafiye uku na ƙarshe na shirin Apollo. A Yulin 1989 Shugaba George Bush babba ya sake tayar da maganar komawa wata da wucewa Mas. Da aka zauna aka buga lissafi aka ga abin zai doshi dala biliyan 500 cikin kimanin shekara talatin, sai majalisa ta noƙe, maganar ta bi ruwa. Ɗansa ya zo a 2004 ya ce za a koma wata nan da 2020. Aka narkar da kusan dala biliyan tara a shirin Constellation, kwamitin da Norman Augustine ya jagoranta ya duba a 2009 ya ce burin ya fi ƙarfin kuɗin da ake warewa, Obama ya soke shirin a 2010, sannan shi ma ya sa tasa ranar, cewa a tsakiyar shekarun 2030 mutane za su kewaya Mas. A Maris ɗin 2019 mataimakin shugaban ƙasa Mike Pence ya ce a 2024 za a sauka a wata, 2024 ta zo ta wuce. Rokar SLS ta NASA, wadda wata dokar majalisa ta 2010 ta ce ta kasance a shirye kafin ƙarshen 2016, ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022, kuma babu kowa a cikin kumbon da ta ɗauka. Babban mai binciken kuɗi na NASA ya ƙiyasta cewa kowane ɗaya daga cikin tashi huɗu na farko zai ci dala biliyan 4.1, shirin Artemis na komawa wata kuma zai lashe dala biliyan 93 zuwa 2025. 'Yan kasuwa ma ba su tsira ba. Elon Musk ya tsaya a Guadalajara ta ƙasar Meziko a 2016 ya yi maganar tura mutane Mas a 2024. Kamfanin Mars One na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2012 yana cewa zai zaunar da mutane a can a 2023, har dubban jama'a suka nemi shiga, ya karye a 2019 bai harba ko ƙusa ba.

Wani zai ce siyasa ce kawai ta hana. Akwai siyasa a ciki, amma akwai abubuwan da ba sa jin umarnin shugaba. Tsakaninmu da wata kilomita 384,000 ne, tafiyar kwana uku. Mas kuwa, idan ta matso sosai, tana kimanin kilomita miliyan 55, idan ta yi nisa ta kai miliyan 400. Saboda yadda duniyoyin biyu suke kewaya rana, damar tashi ba ta samuwa sai bayan kowane wata 26. Idan wani famfo ya ƙi aiki aka makara da wata guda, to sai a jira shekara biyu da 'yan kai. Zuwan kaɗai wata shida zuwa tara ne, tafiyar gaba ɗaya da zama da dawowa kuma ta kusa shekara uku. Saƙon rediyo yana ɗaukar minti uku zuwa 22 kafin ya isa, don haka wanda ciwo ya kama a can ba shi da likitan da zai amsa masa nan take. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a sama a zama ɗaya shi ne Valeri Polyakov ɗan Rasha, kwana 437 a tashar Mir tsakanin 1994 da 1995, shi ma a tazarar kilomita kusan 400 ne daga ƙasa, ana kai masa abinci da ruwa, in abu ya ɓaci kuma cikin 'yan awoyi ya sauko gida. Na'urar da aka liƙa wa motar bincike ta Curiosity ta auna haskoki masu illa da ke ratsa jiki a kan hanyar Mas, aka ga zuwa da dawowa kaɗai sun kai adadin da NASA ta ƙayyade wa ɗan sama jannati a duk tsawon aikinsa. Sauka ma wata masifa ce. Iskar Mas ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba: ta isa ta gasa kumbo yana shigowa, ba ta isa ta tsayar da shi da lema kaɗai ba. Abu mafi nauyi da aka taɓa saukarwa a can lafiya shi ne motar Perseverance, tan ɗaya da ɗan kai, alhali saukar da mutane da kayansu yana buƙatar tan ashirin ko fiye.

Akwai wani ƙaramin gwaji da ya fi komai nuna tsawon hanyar da ta rage. A cikin Perseverance an sa wata na'ura mai suna MOXIE, girmanta kamar batirin mota, aikinta ta tace iskar shaƙa daga iskar Mas. Ta yi aiki sau 16 tsakanin 2021 da 2023, kuma ta yi nasara ƙwarai. Jimillar abin da ta samar giram 122 ne, wanda bai isa mutum ɗaya ya shaƙa daga hantsi zuwa la'asar ba. Rokar da za ta ɗago mutum huɗu daga Mas kuwa tana buƙatar kimanin tan 25 na wannan iska don ta ƙona manta. Ko 'yan gutsattsarin duwatsun da motar ta tara a cikin bututai, dawo da su ya gagara zuwa yanzu: kwamitin da ya duba shirin a 2023 ya ce zai ci dala biliyan takwas zuwa 11, shugaban NASA na lokacin, Bill Nelson, ya ce in aka bi wannan tsari sai 2040 za su iso, kuma ya ce ba zai yarda da haka ba.

Abin da ba a cika bayyana wa jama'a ba shi ne yadda jinkiri da kansa yake zama kuɗi. Shirin ƙera roka yana riƙe da dubban injiniyoyi, da masana'antu, da filayen gwaji, da ma'aikatan da ba za a sallama ba don kada ƙwarewarsu ta tafi da su. Ko roka ta tashi ko ba ta tashi ba, albashinsu yana tafiya. Idan majalisa ta rage kason shekara don ta yi tsimi, aikin shekara biyar sai ya koma takwas, a ƙarshe a biya fiye da abin da aka gudu. Ga kuma irin kwangilar da aka saba bayarwa, wadda ake mayar wa ɗan kwangila duk abin da ya kashe sannan a ɗora masa riba. Mai irin wannan kwangila ba shi da abin da zai yi asara idan aiki ya ja. NASA ta gwada wata hanya a 2014, ta ba kamfanoni biyu kwangila a kan tsayayyen farashi don su riƙa kai mutane tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa: Boeing dala biliyan 4.2, SpaceX biliyan 2.6, da fatan a fara a 2017. SpaceX ta ɗauki mutane a Mayun 2020. Boeing sai Yunin 2024, kuma kumbonta ya samu matsala har mutum biyun da suka tafi da niyyar yin kamar mako guda, Butch Wilmore da Suni Williams, suka yi wata tara, aka dawo da su a kumbon ɗaya kamfanin a Maris ɗin 2025. Tsayayyen farashi bai hana jinkiri ba, amma ya sa kamfanin ne ya ɗauki asarar sama da dala biliyan ɗaya da rabi, ba mai biyan haraji ba.

To yaya aka yi Apollo ta cika alƙawari? Kennedy ya sa rana a gaban majalisa ranar 25 ga Mayun 1961, aka sauka a wata ranar 20 ga Yulin 1969. Amsar tana cikin takardun kasafi. A 1966 NASA ita kaɗai ta karɓi sama da kashi huɗu cikin ɗari na duk kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ta kashe, mutum kusan 400,000 suka yi aikin, aka kashe kimanin dala biliyan 25 na wancan zamani. Yau kason hukumar bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mutumin da ya riƙe NASA daga 1961 zuwa 1968, James Webb, ba injiniya ba ne. Lauya ne, kuma tsohon shugaban ofishin kasafin kuɗi a zamanin Truman. An ruwaito cewa da injiniyoyi suka kawo masa ƙiyasinsu, sai ya kusa ninka shi, ya kai wa shugabanni dala biliyan 20, don ya san aikin da ba a taɓa yi ba kullum yana zarce lissafin farko. Wannan shi ya sa nake ganin maganar ta shafi harabar Kongo da ke Zariya kai tsaye. A nan ne tun 1947 aka fara horar da akawunan gwamnati, wurin ya zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, daga baya ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Oktoban 1962, kuma har gobe a nan ake yaye lauyoyi da masu tafiyar da ma'aikatu. Su ne za su rubuta kwangila, su ne za su sa hannu a takardar biya, su ne za su zauna a kwamitocin majalisa. Shirin sararin samaniya yana iya mutuwa a teburinsu tun kafin ya isa hannun injiniya, kuma a teburinsu ne za a iya ƙin yarda da ranar da ba ta da kuɗi a ƙasanta.

Mu dawo gida. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, kuma a shekarunta na farko ta yi abin a yaba. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera a kan kimanin dala miliyan 13. An tsara ya yi shekara biyar, ya kai har 2012, kuma hotunansa sun yi amfani wajen agajin igiyar ruwan tsunami ta 2004 da guguwar Katrina ta 2005. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2, mai iya rarrabe abin da faɗinsa ya kai mita biyu da rabi, tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a lokacin horonsu a Surrey. A ɓangaren sadarwa an yi tuntuɓe: NigComSat-1, da Sin ta ƙera ta harba a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda farantan da ke tara masa hasken rana sun lalace, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011. Taswirar shekara 25 da aka tsara a zamanin Obasanjo ta ce a 2015 za a samu ɗan sama jannati, a 2018 a harba tauraron da aka ƙera a cikin gida, kafin wa'adin ya ƙare a 2030 kuma a harba tauraro daga ƙasarmu. 2015 ta wuce babu ɗan sama jannati, aka matsar da ranar da shekara 15. Bahaushe ya ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Abin da ya fi ɓata rai shi ne a daidai lokacin da ake ta maimaita maganar 2030, NigeriaSat-2 da aka tsara wa shekara bakwai ya cika wa'adinsa tun 2018, kuma har 2025 ta shigo NASRDA ba ta harba magajinsa ba.

Alhali buƙatar idon da ke kallon ƙasa daga sama ƙaruwa take yi, musamman a Arewa. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya ci Mokwa, mutum sama da 150 suka rasu. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, hotunan sama ne suka nuna wa duniya yadda ya janye. Dazuzzukan Kamuku da Rugu da Kuyambana, inda 'yan bindiga suke fakewa, ba wanda zai auna su da ƙafa. Manomin masara a Giwa ko Soba yana son ya san yaushe damina za ta kankama da gaske, kada ya zuba iri da taki mai tsada a ruwan farko sannan fari ya biyo baya. Duk waɗannan tambayoyi ne da tauraro yake taimakawa a amsa. Kuma wani ɓangare na amsar ma kyauta ne: tun 2008 Amurka ta buɗe hotunan Landsat ga kowa, taurarin Sentinel-2 na Turai kuma suna ratsa kowace gona a ƙasar Zazzau duk bayan kwana biyar, suna nuna abin da ya kai mita goma, ba a biyan ko kwabo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su sauke hoton, su fassara shi, ga wuta da intanet da kwamfuta mai ƙarfi, sannan ga hanyar da sakamakon zai bi ya isa rediyo da malamin gona da hakimi cikin harshen da za a gane. Ginshiƙan suna nan. Cibiyar Binciken Aikin Gona tana Samaru, NAERLS tana zagaya ƙasa kowace damina tana duba amfanin gona, NiMet tana fitar da hasashen damina duk shekara, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai da ke yi wa ƙasashen Sahel irin wannan aiki tun 1974. Namu tauraron kuma yana da nasa muhimmanci, domin gajimaren damina yana rufe idon kamara daidai lokacin ambaliya, sai mai amfani da rada ke gani ta cikinsa, kuma a sha'anin tsaro ba a jiran wani ya ga dama ya juya maka kamararsa.

Hujja mafi ƙarfi da masu son ɗan sama jannati suke kawowa ita ce ta zaburar da yara da ɗaga martabar ƙasa, kuma ban raina ta ba. Yarinyar da ta ga 'yar ƙasarta a cikin kumbo tana iya ƙudurta karatun kimiyya a ranta. Amma a duba abin da aka gani a wasu wurare. Maleshiya ta tura Sheikh Muszaphar Shukor tashar sararin samaniya a Oktoban 2007, kujerar tana cikin cinikin jiragen yaƙi 18 da ta saya daga Rasha. An yi murna, an yi ta hira a kan yadda zai yi sallah da azumi a can, ya dawo bayan kwana goma sha ɗaya, kuma har yau na biyunsa bai tashi ba. Kujerar tafiya irin wannan, a farashin da kamfanin Axiom ya sayar a 2022, kimanin dala miliyan 55 ce, ninki huɗu na kuɗin NigeriaSat-1 da ya yi mana aikin shekara tara. Indiya ta bi wata hanya. Ta harba tauraronta na farko a 1975, ta shafe shekaru tana gina na duba ƙasa da na yanayi da na sadarwa. Guguwar da ta afka wa jihar Odisha a 1999 ta kashe kimanin mutum 10,000. Da irinta ta dawo a 2013, an hango ta da wuri, aka kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu ba su kai 100 ba. Bayan wannan harsashi ne ta aika kumbo maras matuƙi ya kewaya Mas a 2014 a kan dala miliyan 74. Duk da haka, da Firaminista Modi ya ce a 2022 za su tura mutum da rokarsu, su ma ranar ta kufce musu. Idan zaburarwa ake nema, ɗaliban jami'ar fasaha ta Akure da suka shiga aikin ƙaramin tauraro NigeriaEduSat-1, wanda aka harba a 2017 da haɗin gwiwar wata jami'a a Japan, sun samu abin da kallon talabijin ba zai ba su ba. Zariya, da ke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama tun 1964 ga kuma tsangayar injiniya a Samaru, ta isa a yi irin wannan a cikinta.

Akwai masu cewa ai farashi ya karye, rokoki suna dawowa a sake amfani da su, kuma yarjejeniyar da NASRDA ta ƙulla da kamfanin SERA a Yunin 2024 ta tura ɗan Najeriya a kumbon Blue Origin ba daga baitulmali za a biya ba. Gaskiya ne kuɗin harba kaya ya sauko, kuma wannan albishir ne ga mai son harba ƙaramin tauraro. Kujerar kyauta ma ba abin ƙi ba ce. Sai dai a kira abu da sunansa. Tafiyar Blue Origin minti goma ce zuwa sha ɗaya: a haura kilomita 100, a yi 'yan mintoci babu nauyi, a sauko da lema. Gudun kumbon kimanin kilomita 3,600 ne a awa, alhali kewaya duniya yana buƙatar 28,000. Ɗan Najeriya ma ya riga ya yi irin wannan tafiya, wato lauya Owolabi Salis a Yunin 2025, ba a ƙarƙashin shirin gwamnati ba. Tsorona shi ne a ɗauki tafiyar minti goma a ce an cika alƙawarin 2030, a yi biki, a rufe fayil, taurarin da suka tsufa kuma su ci gaba da zama babu magaji.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu cewa a rufe hukumar baki ɗaya, ƙasar da yaranta suke kwana da yunwa ba ta da hurumin kallon sama. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Kuɗin tauraro ɗaya na duba ƙasa bai kai kuɗin wasu 'yan kilomitoci na babbar hanya ba, kuma asarar ambaliya ɗaya da ba a yi gargaɗinta ba ta ninka shi sau da yawa. Talaka ne yake zaune a bakin kogi, shi ne gonarsa take cikin fadama, shi ne ba shi da inshora. Shi ya fi kowa buƙatar gargaɗin kwana uku. Ban kuma ce Amurka ko Sin su daina neman zuwa Mas ba. Kuɗinsu ne, kuma ilimin da za a samo na kowa ne.

Abin da nake nema a wurin kwamitocin kimiyya na majalisun tarayya, lokacin da hukumomin da ke kula da taurarinmu suka zo kare kasafinsu, ba mai wuya ba ne. A buƙaci takarda a fili da ke nuna halin da kowane tauraro yake ciki, hoto nawa ya sauke a shekara, wace ma'aikata ko jiha ce ta yi amfani da su, da nawa gwamnati take kashewa wajen sayen hotuna daga waje. Duk sabon shiri ya zo da jimillar kuɗinsa har ranar da zai daina aiki, da rarar da aka ajiye don abin da ba a zata ba, da sunan wanda zai ɗauki asara idan aka makara. Kwangila ta kasance a kan tsayayyen farashi, biya kuma ya biyo bayan matakin da aka gama. Jihohin Arewa su ɗauki matasan da suka karanci taswira da labarin ƙasa su sa su a hukumomin agajin gaggawa da na aikin gona, da kayan aiki a hannunsu. Lokaci kuma ya ƙure a kan abu ɗaya: NigComSat-1R an tsara masa shekara 15 ne daga Disambar 2011, ko an ja masa rai ba zai wuce 'yan shekaru ba, kuma a karon da na farko ya mutu sai da aka yi shekara uku cur kafin madadinsa ya tashi.